Kalmar da Baffa Ya Jefa a Zaure

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata da hantsi Baffa ya riga mu. Ina shagona a Goronyo, na buɗe bayan wata waya ina neman inda ruwa ya shiga, sai tawa ta yi ƙara. Autanmu ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, Baffa ya cika." Na ce to. Na mayar da murfin wayar mutane, na ɗaure 'yan ƙusoshinta ɗaya bayan ɗaya, sannan na tashi na rufe shago. Har yau ban san abin da ya sa sai da na ɗaure ƙusoshin nan ba.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin kimiyya ne. Ya daɗe yana koyarwa a Rabah kafin a dawo da shi Wurno, inda ya yi ritaya, inda kuma muka kai shi makwancinsa bayan azahar. A gidansa na tashi tun ina ɗan shekara tara, domin Baba ya ga kaina yana ja, ya ce zaman ƙauyenmu Lahodu zai sa in ƙare a bayan jaki.

Abin da ya ba ni mamaki a zaman makokin shi ne yadda mutane ke farawa da hawaye su ƙare da dariya. Wani ƙaton ɗan sanda, tsohon ɗalibinsa, ya taso tun daga Sakkwato cikin kayan gida. Da aka shafa addu'a ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Malam na yaf fara gaya mani wai ɗakin da aka kulle ɓarayi da abin da ac cikin ɓawon albasa sunansu guda. Nic ce, Malam, ashe albasa ma tana da laihi?" Tabarmar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, har liman sai da ya sunkuyar da kai. Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko daga cikin gida, wurin mata, a faɗa wa maza cewa ita ma da albasar Malam ta fara. Akwai kuma tsohon abokin aikinsa, malamin lissafi, Kirista mutumin kudancin Kaduna, wanda suka yi shekara da shekaru suna musu a kan ko lissafi ne uban kimiyya ko kimiyya ce uwar lissafi. Tun daga bakin layi ya cire takalmi, ya zauna can gefen tabarma, hawaye na bin gemunsa. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai ƙaryata ni? Ko ƙarya na yi, sai dai a ce mani haka ne."

Manoman fadama su kuma da sunan da suka laƙaba masa suka zo, Malam mai leƙen albasa. Baba yana jingine da bango, ba ya tanka wa kowa sai da amin. Sau ɗaya na ji muryarsa, shi ma da kansa yake magana: "Ya tahi bai jira ni ba."

Ni ban yi dariya da su ba, ban kuma yi kuka da su ba. Akwai maganar da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da ita zan kai wa Baffa. Gajera ce ƙwarai: kai ke da gaskiya, ka yafe mani. Ban kai ba har muka tura ƙasa a kansa. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don maganar ta daina yi mani nauyi.

Wanda bai san Baffa ba sai ya ɗauka mafaɗaci ne, saboda girarsa kullum a haɗe take. Tunani ne kawai. Mutum ne da kalma ke hana shi sakat. Yakan ce, "Bature rowar kalma garai. Guda zai saye, ya yi ta canza mata hula." In ya ji kalmar Turanci a rediyo da wata ma'ana da bai sani ba, sai ya ajiye cokali, ya tashi ya ɗauko ƙamus ɗinsa mai yagaggen bango, fura ta yi ta tsami tana jiransa. Shi ne ya taɓa tsayawa a fadama ya ce wa manoma tebur ya sauka, yana nufin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, dole a ƙara zurfin rijiyoyi. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Malam, mu nan ko kujera ba mu da, balle tebur." Shekara guda ana ba da labarin, shi ma yana cikin masu bayarwa.

Amma duk cikin kalmomin, wadda ya fi ƙauna ita ce sel.

Ina aji ɗaya na sakandare ya fara nuna mani ita. Wata Asabar ya dawo da na'urar makaranta, wadda ake leƙa ƙananan abubuwa a ga sun girma, ya naɗe ta cikin tsohon zanen Inna, matarsa, ya ɗaure a bayan keke. Ya aike ni madafa in ɗauko albasa. Ya yanka, ya sa farce ya ɓare wata siririyar fata daga ciki, wadda ko ganinta da ƙyar ake yi, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga aidin. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

"Mi kag gani?"

"Bulo, Baffa. Kamar an yi gini."

"Ɗakuna na. Kowane ɗaki da bangonai, da mai gida zaune tsakiya. Ɗaki guda sunanai sel. Kai ma da irinsu anka gina ka, tun daga gashin kai har ɗan yatsan ƙahwa."

Ban gama mamaki ba ɗiyarsa ta ture ni da kafaɗa ta ce nata lokacin ne. Shekararta goma, bakinta ya fi ta girma. Ta leƙa ta ce ita ba ta ga mai gida ba, ƙila ya tafi kasuwa. Baffa ya yi dariya har da buga cinya. Albasar da ta rage Inna ta karɓe abinta ta zuba a miya, tana cewa kimiyya ba za ta cinye mata cefane ba.

Daga ranar kalmar ta zama 'yar gida. In batirin tocila ya mutu, Baffa ba ya yarda a ce batir. Wai ƙwaya ɗaya sel ce, sai an jera su da yawa suke zama batir. Ya taɓa tsayawa gaban mai tebur a bakin tasha ya ce a ba shi sel biyu. Mai tebur ya ce, "Malam, nan ba caji ofis ba na." Baffa bai ji haushi ba, ya jawo benci ya zauna ya yi masa darasi har masu sayen sabulu suka gaji suka tafi. In an kawo zuma da saƙarta, sai ya hana kowa taɓawa sai an ƙirga ramukan, su ma wai sel ne. Da wayar hannu ta shigo, aka kafa dogon ƙarfe a bayan gari, ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce sunan nan salula da muke kira, jikar sel ce. An yanka ƙasa ɗaki-ɗaki, kowane ƙarfe da ɗakin da yake tsaro, in kana tafe kan mashin daga Wurno zuwa Goronyo kana waya, miƙa muryarka ake yi daga wannan ɗaki zuwa wancan ba ka sani ba. Ni dai ban san lokacin da hannuna ya fara ƙaiƙayin buɗe waya ba, amma na san a bakin wa na fara jin abin da ke cikinta. Sana'ar da nake ci da ita yau, gyaran waya da haɗa sola, daga wannan surutun nasa ta fito.

Yakan ce duk hulunan nan kai ɗaya ke sanye da su, wato ƙaramin ɗaki. Asalin kalmar ke nan a tsohon harshen da Bature ya aro ta. Wata rana muna cin tuwo ya ƙirga su da yatsu, ya tsaya, ya ce, "Akwai na ƙarshe, wanda aka gina ma mutum daidai tsawonai. Amma wannan ba Bature na yas sa mai suna ba." Inna ta ce, "Malam, don Allah, abinci aka ci." Ya ce ai shi ma ci yake, ya kai loma.

Akwai ma'ana ɗaya da bai taɓa sa ta cikin wasa ba. Ban lura da haka ba sai daga baya.

Ba sai na tsawaita ba, ni da ɗiyar Baffa mun tashi gida ɗaya, muka yi ta faɗa har faɗan ya zama wani abu dabam. Ina da shekara ashirin da huɗu na aika aka gaya wa Baba. Dangi kowa ya yi murna, ana cewa abin gida ya tsaya a gida. Aka sa ranar da za a zauna a zauren kakanmu a Lahodu, bayan la'asar, Baba zai nema mani, Baffa zai bayar. Kowa ya ɗauka zaman shan ruwa ne da raba goro. Ni ina tsugune daga waje, jikin ƙofa, inda nake jin komai.

Baba ya yi bayaninsa, dattawa suka ce madalla. Aka juya ga Baffa. Ya gyara zama, sannan ya ce, "Ni ban hana ba. Amma sai an kai su birni an duba sel ɗinsu tukuna."

A duniya sel ɗaya Baba ya sani. Shekarun baya rikicin iyakar gona ya haɗa shi da wani maƙwabci, aka ba hammata iska, ya kwana biyu a kulle kafin dattawa su sasanta. Wannan abu shi ne babban abin kunyar rayuwarsa, ko a gida ba mai ambatonsa. Sai ga yayansa ya furta kalmar a gaban surukai da maƙwabta.

Baba ya miƙe. "Sel? Ɗana zaka kai sel? Mi yas sata maka?"

Wani daga cikin samarin da suka yi boko ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Wannan dariya ita ta ɓata komai. Baffa ya shiga bayani, yana cewa ba wannan sel ɗin ba, na cikin jini, ƙwayoyin da ke ɗaukar iska su kai ko'ina a jiki. Wai a jikin wasu sukan lanƙwashe kamar lauje su maƙale a hanya, shi ne ciwon da asibiti ke kira sikila, mu kuma muke cewa amosanin jini. Wai mutum yana iya ɗauke da rabin abin lafiyarsa lau, amma in rabi ya haɗu da rabi, 'ya'ya ke shan wahala, kuma 'yan'uwan jini sun fi kusa da haɗuwa a kai. Duk wannan bayani bayan Baba ya bi, don ya riga ya sa takalmi. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Hausa ta ƙare maka na? Ka zaɓi wagga kalma don ka tona ni. Na ji, na gode." Shekara uku 'yan'uwan nan ba su zauna tabarma ɗaya ba.

Gwajin kuwa an yi shi, domin ɗiyar Baffa ta ce a je, ita ba ta tsoron allura. Muka shiga mota mu uku zuwa Sakkwato, muna raha ni da ita, Baffa yana kallon taga. Bayan kwana biyu takarda ta fito. Ina da rabi, tana da rabi.

A tsakar gidansa ya zaunar da mu. Ya ɗebo ƙwayar wake huɗu, uku farare ɗaya ja, ya zuba a hula, ya ce kowane ciki da za ta ɗauka kamar sa hannu ne a hular nan ido rufe. Ana iya ɗauko fari sau goma, ana iya ɗauko ja tun a na farko. Na ce to ai Allah ke bayarwa. Ya ce, "Shi na, kuma Shi yab ba mu ilimin da munka gani da shi. Ban ba ka ita." Ita ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma bakina ya ɓalle. Na ce masa dama can bai so ba, don ban yi jami'a ba, don ni ɗan manomi ne mai tonon waya, yana da wani mai digiri da ya ajiye mata. Na ce ya fake da Turanci ya ci mutuncin ubana, yanzu ya fake da wake ya ci nawa. Mutumin da ya ciyar da ni shekara goma sha biyar nake gaya wa haka, yana zaune da hula a hannu. Na ɗauki jakata. Sannan ya ce, "Ka ji haushina yadda kaka so. Amma duk wadda zaka aure, ka kai ta a duba." Na rantse a gabansa ba zan kai ba.

Kuma na cika rantsuwata, don taurin kai gadonmu ne. Na koma Goronyo na buɗe shago, kafin shekara ta zagayo na auri 'yar maƙwabcin shagona, mace mai haƙuri da ba ta san komai a kan wannan rigima ba. Ɗiyar Baffa ita ma ta yi aure a Rabah, aka ce an gwada mijin, ba shi da komai. Ɗanmu na fari ya zo lafiyayye, ƙato. Ranar suna har a zuciyata ina yi wa Baffa gwalo. Gaisuwa tsakanina da shi ta koma ta Sallah zuwa Sallah, in durƙusa, in ce ina wuni, in tashi kafin a kawo ruwa.

Ta biyu mace ce. Tana wata takwas, cikin damina, hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta tsala ihu ko zane ya taɓa ta. Muka yi na gida, muka yi na kemis, daga ƙarshe muka kai ta asibiti. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya fito da takarda ya tambaye ni ko an taɓa duba jinina da na uwarta. Na nemi benci na zauna.

Ban aika wa Baffa ba, kuma har yau ban san wanda ya gaya masa ba. Washegari da safe ina tsaye a barandar asibiti sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke shi, rigarsa duk taɓo, yana rungume da bargo da gidan sauro sabo a leda. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na san na cancanta. Ya wuce ni ya shiga, ya leƙa fuskar yarinyar, ya daɗe yana kallonta. Da ya fito ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ka karya?" Na ce a'a. Ya ce, "To mu tai mu sha koko, jinya ba ta son mai yunwa."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Ran nan bai ce ai na gaya maka ba, bai kuma taɓa faɗa ba har ya bar duniya. Da ya faɗa da na samu sauƙi, da na samu abin da zan riƙe in ci gaba da jin haushi.

Tun daga lokacin, duk wata sai ya zo Goronyo. Ya zaunar da matata ya koya mata abin da likita ya faɗa a gurguje: a cika wa yarinya ruwan sha ko ba ta nema ba, kada ruwan sama ya dake ta, kada ta kwana ba gidan sauro, ƙwayar ƙarin jini kullum, zazzaɓi ko kaɗan ne a tafi asibiti. Ba ya cewa sel in yana magana da ita, sai ya ce 'ya'yan jini. Na lura da wannan, amma na ɗauka don ba ta yi makaranta ba ne. Da yarinyar ta yi wayo suka ƙulla abota irin ta kaka da jika, tana ce masa mijinta mai rowa, yana ce mata amarya mai tsada. In ciwon ya tashi tana murƙususu, shi kaɗai ke iya sa ta shan ruwa. Yakan ce mata, "Sha, 'yan laujenki sun yi cunkoso bakin gada, sai da ruwa su ka wucewa." Sai ta sha tana hararsa. Yanzu shekararta goma sha biyu, tana aji shida, kuma ita ce ta fi kowa iya lissafi a gidana. Baba ma a gadon asibitin yarinyar nan ya fara miƙa wa yayansa hannu da fuska a sake.

To me ya hana ni magana? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Sau da yawa nakan raka shi tasha da maganar a bakina. In na buɗe baki sai in ji ina tambayarsa lafiyar Inna. Nakan ce bari sai Sallah, in Sallah ta zo in ce mutane sun yi yawa. Nakan ce ai ya gani a aikace, tunda ina gyara masa rediyo, na haɗa masa sola a gida, na sa masa fanka. Gaskiyar ita ce kunya ce da girman kai suka haɗu suka danne ni, kuma na ɗauka Baffa zai yi ta zama yana jirana.

Mako biyu kafin rasuwarsa autanmu ya kira ya ce wutar solar Baffa ta daina kawowa, kuma jikin nasa ya yi nauyi. Na je da safe. Na same shi kwance a tabarma a inuwar tsakar gida, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Na hau rufi na sauko da faifan solar don in wanke shi. Ya ce in matso masa da shi. Ya sa yatsa yana bin 'yan murabba'an da ke jere a fuskar gilashin.

"Ka san sunan kowane guda?"

"Na sani, Baffa."

"Hwaɗi in ji."

"Sel."

Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Ka ga Bature. Har rana ya gina ma ɗaki."

Na ajiye faifan. Babu kowa a tsakar gidan, Inna tana madafa. Na ce, "Baffa, akwai maganar da na daɗe ina son in yi maka." Ya yunƙura ya tashi zaune, da ƙyar, ya gyara hularsa, ya zuba mani ido. Bai katse ni ba, bai taimake ni ba, jira kawai yake. Sai na ji bakina yana cewa wayar da ta tashi daga faifan zuwa batir ta tsufa, zan kawo sabuwa wani mako. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To. Allah Shi kai mu." Ya koma ya kwanta. Wayar tana nan cikin jakata, na saya ban kai ba.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, na shiga gaida Inna. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofa, kuma abin da ya gagare ni shekara goma sha ɗaya ya fito cikin numfashi ɗaya. Na ce mata Baffa ne ke da gaskiya tun ranar farko, na zage shi a banza, na so in roƙi gafararsa ban yi ba.

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Kai zaka roƙe shi?"

Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa tambaya ba. Na san sun rasa 'ya'ya maza biyu a Rabah kafin a haifi ɗiyarsu, ana cewa sanyi ne ya kashe su. Ta ce na farkon shekararsa uku, na biyun bai kai biyu ba, kuma kukansu irin na ɗiyata ne. Sai bayan an binne na biyun Baffa ya kai kansa da ita aka duba, aka ce rabi da rabi ne. Malamin kimiyya guda, yana koya wa 'ya'yan mutane abin da ke cikin albasa, bai san abin da ke cikin jininsa ba. Ta ce daga ranar ya yi alkawarin ba za a sake haka a zuriyarsu ba yana raye.

"Amma ba wannan ad damuwatai ba," in ji ta. "Duk ran da yad dawo daga Goronyo, nan yaka zama inda kake, ya ce, yarinyag ga ni nij ja mata. Da nic ce jini a zauren nan, da ubanai bai tashi ba. Da nib bi yaron ga da Hausa, da lallashi, da bai yi rantsuwad da yay yi ba, da ya kai matatai an duba. Ya ce ya ƙare rayuwa yana koya ma mutane kalma guda tana da hula bakwai, ranad da ya kamata ya tuna, shi yam manta. Tun daga nan ko ni bai sake ce ma sel ba in ana zancen jini."

Na ce, "Inna, ai laifina ne. Ni na rantse."

"Shi dai bai ɗauka hakanan ba. Gani yakai har yau ba ka yahe mai ba, kana dai yi mai biyayya don kunya." Ta ja carbi ɗaya, biyu. "Ranad da kaz zo gyaran sola, bayan ka hita ya kira ni, yana ta murmushi. Yac ce, yau yaron ga ya so ya yahe mani, sai yaf fasa. Ba komi, ya kusa."

A nan kukan da ban yi a makabarta ba ya same ni, a bakin ƙofar Inna, da rana tsaka, har ita mai takaba ta koma ba ni haƙuri.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, malamin da ya koyar da abin da ya sani, ya kuma ɗauki laifin da ba nasa ba. Ka yi masa rahama, Ka haskaka makwancinsa, Ka sada shi da yaransa biyu inda babu ciwo. Ka ba Inna da Baba haƙurin rashinsa.

Baffa, ba ni da abin da zan yafe maka, ko ƙwaya ɗaya. Kai ke da gaskiya, kai za ka yafe mani. Abin da na zo faɗa ran nan ke nan, da ka tashi zaune ka gyara hula.